Kora Kafin Jin Ba'asi: Dokar 08-11 da Baƙin Tamanrasset

Ba mai musun cewa Aljeriya na da ikon fitar da baƙon da ya shigo mata ba takarda. Abin dubawa shi ne yadda ake fitar da shi, domin kora hukunci ce mai nauyi: a yini guda mutum kan rasa aikinsa da kayansa da haƙƙin guminsa. Hukumar da za ta yanke irin wannan hukunci wajibi ne ta sanar da mai shi, ta kuma ji ta bakinsa.

Dokar ƙasar ta san da haka. Doka mai lamba 08-11 ta ranar 25 ga Yuni 2008 ta ɗora ikon kora a hannun ministan cikin gida, sashe na 31 kuma ya wajabta a sanar da wanda abin ya shafa, a ba shi wa'adin awa 48 zuwa kwana 15. Yana da kwana 5 ya kai ƙara gaban alƙalin gaggawa, kuma ƙarar na dakatar da korar har sai an yanke hukunci. Sai dai sashe na 36 ya buɗe wata ƙofa: wali, wato gwamnan jiha, na iya sa hannu a mayar da wanda ya shigo ba izini bakin iyaka, kuma sashen bai fayyace masa irin wancan kariya ba. Talakan Nijar da ke leburanci a gine-ginen Tamanrasset a wannan giɓi yake faɗawa.

Tun yarjejeniyar Aljeriya da Nijar ta 2014 kan mayar da 'yan Nijar gida, wadda ta biyo bayan mutuwar mutum 92 da ƙishirwa a hamadar arewacin Arlit a Oktoban 2013, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, Tamanrasset ta zama matattarar waɗanda aka kamo daga biranen arewa. Daga nan a loda su a manyan motoci zuwa In Guezzam, tafiyar kusan kilomita 400. 'Yan Nijar akan kai su Assamaka, a ɓangaren Nijar, cikin ayari. Sauran a sauke su a bakin iyaka, a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi zuwa Assamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da mutum 31,000 a shekarar 2024 kaɗai. Human Rights Watch da Amnesty International sun tattara shaidar mutanen da aka kora ba a duba batun kowa shi kaɗai ba, har da masu neman mafaka.

Za a ce yawan jama'ar ya fi ƙarfin kotu, kuma kan iyakar na fama da matsalar tsaro. Gaskiya ne, amma Aljeriya da kanta ta amince a 2005 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ma'aikata 'yan ci-rani, wadda sashenta na 22 ya haramta korar jimla ko da mutum ba shi da takarda. Sashen ya ce a isar da hukuncin cikin harshen da mutum ke ji, a kuma ba shi damar karɓar albashinsa. Wannan na ƙarshe shi ya fi ci mini rai. Magini ya yi wata uku yana ɗora bulo, kuɗinsa na hannun maigida, a kama shi da siminti a hannu, ba wanda ya tambaye shi ko yana bin wani bashi.

Ƙa'idar jin ba'asi kafin hukunci ba baƙuwa ba ce gare mu ko gare su. Fiƙihun Malikiyya, wanda Aljeriya da ƙasar Hausa suka yi tarayya a kai, ya shar'anta i'izari: alƙali ba ya zartar da hukunci sai ya tambayi wanda ake ƙara ko yana da sauran hujja. In an wajabta wa alƙali haka a rigimar gona, balle hukumar da ke riƙe da jandarmomi da motoci.

Nijar ma da nata laifin. Tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Tamanrasset, kuma yana da hurumin nacewa kafin kowace mota ta tashi a ba kowane ɗan ƙasa takarda mai sunansa da dalilin korarsa, a samar da tafinta mai jin Hausa da Tamashek, a rubuta bashin da yake bi da sunan wanda ya riƙe masa.