Bazarar Giwan Ruwa: Tarihin Su a Kogin Isa Daga Bakin Masuntan Tanda

Hutun watan Afrilun da ya wuce na koma gida Tanda da littafin rubutu a hannu, don malaminmu ya ce kowa ya tattaro kalmomin wata sana'a ta garinsu. Ni na zaɓi su. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, masunci ne tun yana yaro, saboda haka ban sha wahalar neman wanda zan tambaya ba. Muka zauna bakin gaɓa, yana ɗinkin kalli ina rubutu. Ya jero mani sunaye har hannuna ya gaji: giwan ruwa, ragon ruwa, tarwaɗa, ramboshi, ƙurungu, karfasa, bali, yauni, tsage, faliya, ƙawara, gaiwa, minjirya mai girgiza wanda ya taɓa ta, da talibambam mai kumburi. Da ya tsaya sai na tambaye shi, Kawu, a cikin waɗannan nawa ka kama bana? Ya ƙirga da yatsu, bai cika hannu biyu ba. Giwan ruwa kuwa irin wanda sai mutum biyu sun kama suke fid da shi daga jirgi, ya ce rabonsa da shi tun ba a haife ni ba.

Na je neman kalmomi na dawo da tambaya. Yaya aka yi bazara, wadda a da ita ce kakar masunta, ta koma lokacin da ake kakkaɓe kogi har ƴaƴan kifi?

Sai mun fara da ruwan kansa, don wanda bai tashi bakin kogi ba yana tsammani damina ce kaɗai ke cika shi. A wajenmu kogin Isa, wanda ƴan Najeriya suke kira Kwara, sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwa na watan Agusta da Satumba, ruwan saman yankinmu ne da rafuka irin su Sirba da Tapowa da Mekuru ke kwasowa da laka. Sannan akwai baƙin ruwa, wanda aka yi samansa can duwatsun Gini, ya ratsa fadamun Mali wajen Mopti yana tafiyar hawainiya, laka ta kwanta, bai iso mu ba sai cikin sanyi, wajen Janairu zuwa Fabrairu. Daga Maris sai ya fara ja da baya. Afrilu da Mayu yashi ya fito, gungu ya haɗe da gaɓa, ruwa ya rage a gurabu masu zurfi da tafkunan da kogi ya bari a fadama.

Galibin kifinmu da tasowar ruwa yake hayayyafa. Yana bin ambaliya ya shiga cikin burgu da ciyawar fadama, bali ya yi sheƙarsa, yauni ma haka, ƴaƴa su girma inda babban kifi ba ya iya kutsawa. Idan bazara ta zo duk wanda ya girma sai ya tattaru a ɗan ruwan da ya rage. Na karanta cewa a Amurka da Kanada akwai wani kifi da suke ji da shi, walai, mafarauci ne kamar giwan ruwanmu ko da yake bai kai shi girma ba ko kusa. Shi da ƙanƙara ta narke a bazararsu yake hawan koguna ya zuba ƙwai, shi ya sa a jihar Minesota ba a buɗe kamunsa sai watan Mayu. Lokacin nasu dabam, namu dabam, amma matsalar ɗaya ce: akwai watannin da kifi yake taruwa wuri guda ba shi da mafaka, kuma dole a sami wanda zai ce wa mutane ku dakata.

Wa ke faɗin haka a da? Amsar tana cikin wata kalma. Hausawan Kabi suna kiran masuntan gado Sarkawa, sana'ar kuma sarkanci. Da yawa suna ɗauka daga sarki kalmar ta fito. Ba haka ba ne. Daga Sorko take, sunan masuntan Songhai waɗanda suka mallaki kogin nan tun kafin daular Gao ta yi ƙarfi, masu jingina asalinsu ga Faran Maka Bote. Ƴan ajinmu za su gane abin da ya faru da wasalin: Hausa ba ta son o a rufaffiyar gaɓa a tsakiyar kalma, tana mayar da shi a, kamar yadda zobe yake zama zabba. To haka Sorko ya zama Sarkawa a bakinmu. Wannan ɗan canjin wasali shaida ce ta cuɗanyar ɗaruruwan shekaru. Kanta na Kabi ya ɓalle daga Askiya Muhammadu wajen 1516, ya kafa mulkinsa a Surame. A 1591 sojojin Maroko suka ci Songhai a Tondibi, ragowar gidan Askiya suka gangaro nan Dendi. Ƙasarmu ta zama mahaɗa: Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Kabawa da Fulani suna shan ruwa ɗaya. Sorkon da suka zauna ƙasar Kabi suka ɗauki Hausa, amma ba su saki zago ba, mashin nan na ruwa da ake sukar dorina da ayu da babban giwan ruwa da shi.

Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya bi kogin da jirgin ruwa daga Gini har teku a 1946 zuwa 1947, ya wallafa bincike a kan Sarkawa a 1950. Ya nuna su a matsayin matafiya masu barin gida su haura kogi watanni suna su, suna banda, su gangaro da kifi kasuwa. Ba da jimawa ba ya ɗauki fim na farautar dorina wajen Ayoru. Na kalle shi a wayar wani aboki. Abin da ya tsaya mani a rai ba dorinar ba ce, yadda ba wanda ya taɓa ruwa sai da aka nemi izinin masu ruwa ne. Kuna iya cewa tsafi ne, kuma malaman garinmu sun daɗe suna faɗin haka. Ni ba kare bori na zo yi ba. Amma a lura da abin da tsoron nan yake yi a aikace: yana rufe gurbi.

Kawu ya kwatanta mani yadda ake yi yana yaro. Da ruwa ya fara ja, sarkin ruwa zai sa hani a kan manyan gurabu da tafkuna. Ba mai jefa birgi, ba mai kafa mamari, ko fatsa yaro ba ya sakawa. Kifi ya kwanta ya yi ƙiba. Sai an kai tsakiyar bazara a sa rana, a aika garuruwan da ke kewaye, har na ƙetare. Ranar kowa ya zo da homarsa da gorarsa, a faɗa ruwa gaba ɗaya, a yini a tashi. Ya ce, “In anka buɗe gurbi, wanda bai da jirgi ma sai ya kai kihi gida.” Abin lura a nan shi ne homa ba ta kwashe komai. Hannu biyu ne da numfashin mutum ɗaya. Abin da ya nutse can ƙasa ya tsira, shi ne iri na baɗi.

Wanda yake son ganin ragowar wannan tsari ya dubi Argungu, nan maƙwabtanmu a jihar Kebbi. Bikin da ake yi a Matan Fada ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan gabar da ta daɗe tsakanin gidajen biyu. UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Mutane suna kallon hoton ƙaton giwan ruwa bisa sikeli suna mamaki, ba sa tambayar dalilin da ya sa ake samunsa a wurin. Dalilin shi ne hani: gurbin a rufe yake sauran shekara. (Wani abu na gefe ga ƴan nahawu: giwa mace ce, ya kamata a ce giwar ruwa, amma duk masuncin da na sani giwan ruwa yake cewa. Sunan ya daskare ya zama kalma ɗaya namiji. Na bar muku wannan ku yi gardama a kai.)

Rushewar tsarin ba rana ɗaya ta zo ba, kuma kowane mataki ya bar kalmarsa. Ta farko nailan. Kafin shekarun 1950 da 1960 masunci da hannunsa yake murza zaren rama ko na auduga ya saƙa taru, ya shanya shi kullum don kada ya ruɓe. Wahalar nan ita kanta iyaka ce, ba kowa ke iya mallakar babbar raga ba. Da zaren nailan ya shigo kasuwa, mai kuɗi ko bai gaji su ba yana iya sayen kalli ya ba yaro ya kafa masa dare da rana. Sarkanci ya fita daga gado ya shiga jari.

Ta biyu ita ce wadda ta fi burge ni: mali. Haka ake kiran wani tarko na sanduna da raga mai ƙofofi, wanda kifi ke shiga ya kasa fita. Sunan ƙasa ne ya zama sunan kaya, don masuntan Mali ne suka yaɗa shi da suka gangaro neman ruwa. Farin 1973 da na 1984 sun tarwatsa mutanen kogi daga sama har ƙasa. A watan Yunin 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai, mutane suna ƙetare shi da ƙafa. Shekarun nan ambaliya ba ta hau fadama yadda ta saba ba, kifi bai sami inda zai hayayyafa ba, ga kuma manoma da makiyayan da suka rasa komai sun faɗo ruwa neman abinci. Ku gaya mani, wane sarkin ruwa ne zai iya kallon mai yunwa ya ce masa jira watan gobe? Kawu ya ce a lokacin ne ya fara ganin an keta hani da rana tsaka ba abin da ya sami mutum, kuma tun daga ranar tsoron bai dawo ba.

Ana cikin haka kogin ma ana ta ɗaure shi. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta tare shi daga ƙasa, ta Selinge a Mali ta fara riƙe ruwa daga sama a farkon shekarun 1980. A gida kuma an kafa ONAHA a 1978, aka yi ta kewaye fadamu da ganuwar ƙasa don noman shinkafa. Ba na zagin shinkafa, ita muka ci muka girma. Amma fadamar da aka killace ɗakin haihuwar kifi ce, kuma ban taɓa jin an lissafa wannan asarar ba in ana lissafin buhunan da aka girbe. Ta Kandaji da aka aza harsashinta a 2008 tana nan tafe.

Gwamnati ta shigo da nata hanin. Dokar kamun kifi ta Disambar 1998 ta tanadi lasisi, ta ba ma'aikatan ruwa da dazuzzuka ikon sa ido, kuma a 2001 an sa dausayin Albarkaize cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. A takarda ba laifi. Amma lasisi izinin kamawa ne, wanda ya biya yana ganin ya sayi ruwa. Ma'aikaci ɗaya da babur ba zai tsare gurbi da tsakar dare ba, alhali a da gari duka ne mai gadi, don kowa yana da rabo ranar buɗewa.

Sai iyaka. Tsibirin Lete da ke nan kusa da mu ya kusa haɗa Nijar da Dahome yaƙi a 1963. Sai ranar 12 ga Yulin 2005 kotun duniya da ke Hague ta yanke hukunci: iyaka ta bi mafi zurfin hanyar jirgi, tsibirai 16 na Nijar har da Lete, 9 na Benin. Mun yi murna, ni ina ƙarami amma ana ba mu labari. Sai dai ku duba da idon masunci. Mafi zurfin kogi shi ne daidai inda giwan ruwa yake fakewa da bazara. Wato layin da ya raba ƙasashen biyu ta tsakiyar gurabun ya ratsa. In mutanen wannan gaɓa sun ce sun rufe, na Karimama ba dole su ji ba, haka mu ma in su suka rufe. A da aike ɗaya ya isa, don dangi ne. Yanzu kowa tsoronsa kada na ƙetare ya riga shi, sai kowa ya yi sauri.

Sakamakon yana kan tire a kasuwar Gaya: karfasa da ba ta kai tafin hannu ba, da tulin ƴan mitsi-mitsin da aka ja da sange, gidan sauron da aka raba don zazzaɓin cizon sauro. A cikin tulin nan na ga ƴaƴan giwan ruwa guda uku, tsawon yatsa. Kifin da zai iya kai tsawon mutum, an sayar da shi a gwangwani.

Tun da aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, samarin gidan masunta da yawa sun jingine kalli sun koma fito, suna ƙetarar da mutane da kaya, don kuɗin yini ɗaya ya fi na kifin mako. Ɗan kawuna yana cikinsu. Na karanta masa sunayen da babansa ya ba ni ɗaya bayan ɗaya, ya gane goma sha ɗaya. Da na zo kan yauni ya ce ya san sunan, amma bai tabbata ko mai dogon jiki ne ko mai faɗi ba. Kawu yana gefe bai ce komai ba, ya ci gaba da ɗinkinsa. Da zan tafi ya ce in dawo hutun damina da na'urar ɗaukar murya, akwai sunayen gurabu daga nan har Dole da bai faɗa mani ba, kuma wasunsu yashi ya riga ya cike su.