Daga Taƙaita Shanu zuwa Biyan Makiyaya: Tarihin Dokar Kiwo a Tsaunukan Suwizalan

Wannan maƙala za ta dubi yadda dokar kiwo ta juya a tsaunukan Alps na ƙasar Suwizalan cikin shekaru ɗari biyar. Yawancin filayen ciyawar da ke kan waɗannan tsaunuka ba haka aka same su ba. Daji ne mutane suka sare, sannan bakin dabba ya hana shi komowa. Saboda haka rayuwar filin ta rataya ne a kan yawan dabbobin da ke hawa kowace bazara.

Ƙauyen Törbel da ke jihar Valais shi ne misalin da masana suka fi kafa hujja da shi, domin tsofaffin takardunsa sun tsira. A shekarar 1483 mazauna ƙauyen suka ƙulla yarjejeniya a rubuce game da hurumin kiwo da dazuzzukan da suka mallaka tare, suka kuma hana baƙon da ya sayi gona a ƙauyen samun haƙƙin kiwo kai tsaye. A 1517 aka ƙara ƙa'idar da ta fi shahara, wato kada kowa ya tura shanu tsauni fiye da waɗanda zai iya ciyarwa da hunturu. Hikimar wannan ƙa'ida a fili take. Dusar ƙanƙara kan tsare shanu a garke watanni da dama, don haka ingiricin da magidanci ya yanka ya adana shi ne ma'aunin dukiyarsa, kuma ba abu ne da za a ɓoye wa maƙwabci ba. Wanda ya ƙetare iyaka a ci shi tara, cukun da aka yi a tsauni kuwa a raba gwargwadon shanun kowa.

Robert Netting, wanda tun farko ya yi nazarin manoman Kofyar na ƙasar Filato a nan Nijeriya, shi ne ya fito da tarihin Törbel a littafinsa na 1981. Elinor Ostrom ta dogara da shi a 1990 wajen rushe da'awar Garrett Hardin ta 1968, cewa duk hurumin da jama'a suka yi tarayya a kansa ƙarshensa lalacewa ne.

Sai dai a ƙarni na 20 matsalar ta sauya fuska. Matasa suka kwarara birane da masana'antu, aka yi watsi da filayen da ke da wuyar hawa. Inda shanu da awaki suka daina zuwa, sarƙaƙiya ta mamaye, furanni da ƙwarin da ke son sarari suka ragu. Abin da magabata suka ji tsoro shi ne yawan dabbobi, jikokinsu kuwa ƙarancinsu ya dame su.

A nan ne gwamnatin tarayya ta shigo. A 1993 aka faɗaɗa biyan manoma tallafi kai tsaye maimakon dogaro da tsayar da farashin amfanin gona, kuma a ƙuri'ar raba-gardama ta 1996 jama'a suka amince a rubuta cikin tsarin mulki cewa kula da ƙasa yana cikin aikin manomi. Ga mai karatun da ya san jangali, abin kamar an kifa ƙwarya ne: hukuma ce ke biyan makiyayi a kan dabbar da ya hau da ita tsauni. Amma ba a saki ƙa'idar 1517 gaba ɗaya ba. Kowane hurumi an yanka masa adadin da ya dace da shi, ana lissafi da saniya ɗaya a kwana 100. Wanda ya zarce a rage masa kuɗi, wanda ya gaza ƙwarai ma haka. Daga 2014 aka ƙara wani tallafi na musamman ga hurumin da ke da yalwar nau'o'in tsirrai.

Kuɗi dai bai magance komai ba. Kyarkeci ya komo ƙasar a tsakiyar shekarun 1990, garkensa na farko ya bayyana a 2012, kuma masu tumakin da suka saba sakin dabbobi ba makiyayi su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. A Disamban 2023 hukumar UNESCO ta sanya al'adar hawa tsauni da dabbobi ta Suwizalan cikin jerin al'adun duniya da aka gada.