Mutum huɗu, gado ɗaya

Wani ƙaramin kofur ya tambaye ni, wai a zamaninmu minti nawa jirgi mai saukar ungulu yake yi kafin ya zo ɗaukar wanda aka harba? Dariya ta kusa kayar da ni. Yaro, jirginmu kafaɗa ce.

Wanda ya koya mana aikin a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, wani tsohon saje ne da muke kira Baba. Tsohon sojan yaƙin ƙasar Bama ne, ya yi kwarin Kaladan da Runduna ta 81 a 1944, inda babu hanyar mota, sai a ɗauki mai rauni a ka ko a kafaɗa har zuwa ɗan filin da aka sare a daji don ƙaramin jirgi ya sauka. Bai fara mana da allura ba. Gora biyu ya jefo mana, ya ce mu tuɓe riguna, mu ɓalla maɓallai, mu zura gorar ta hannuwan rigar. Ga gado ya samu. Sai ya hau ya kwanta, mu zagaya fili da shi. In na gaba da na baya suka jefa ƙafa iri ɗaya gadon ya yi lilo, sai ka ji sanda a ƙwauri: "Ka kashe ni!"

Mutum huɗu ga gado ɗaya, hannu biyu duk a cike, ba zancen ramawa, ba damar kwanciya in igwa ta tashi. Ƙyallen jan kuros kuwa, wanda yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta ce a girmama, da muka sauka Monrobiya da ECOMOG a 1990 mun tarar da yaran da ba su taɓa jin sunanta ba. Wasunmu cire shi suka yi, saboda ya zama abin saiti. A can wani abokin aikinmu ya rufa da jikinsa kan wanda yake ɗaure wa cinya. Majiyyacin ya dawo gida, shi bai dawo ba.

Af, na tsallake rubutun goshi. Baba ba ya yarda da takarda, ruwa kan cinye ta. Ka yi wa mutum allurar mofin, ka rubuta M a goshinsa da lokaci. Ka ɗaure jijiya, ka rubuta T. In babu alƙalami, jininsa ma tawada ne.

Na yarda 'yan yanzu sun fi mu a wani wuri. An koya mana sassauta ɗaurin jijiya lokaci-lokaci, yau an gano hakan zubar da jini ne kawai. Amma lambar yabo har gobe mai harbi take bi, mai ɗauka sai "sannu da ƙoƙari".

Ku da kuke Borno yanzu, ku koyi haɗa gado da rigunanku, don ranar hazo jirgi ba ya tashi.