Mutuwar ƙwaƙwalwa

Mutuwar ƙwaƙwalwa ita ce tsayawar aikin ƙwaƙwalwa ɗungurungum, ba dawowa, alhali na'urar numfashi tana riƙe da bugun zuciya. Likitocin Faransa Mollaret da Goulon ne suka bayyana yanayin a 1959, kwamitin Jami'ar Harvard ya tsara sharuɗɗansa a 1968.

Maganar ba ƙarama ba ce, domin rabon gado da takaba da dashen gaɓoɓi duk sun rataya kan lokacin da rai ya yi halinsa. A 1986, a Amman, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta ɗauki mutuwar ƙwaƙwalwa a matsayin mutuwa a shari'a. Majalisar Rabiɗa ta Makka kuwa, a 1987, ta halatta cire na'urar, amma ba ta hukunta mutuwa sai zuciya ta tsaya.