Injin neman zinariya: daga Jado har zuwa kufan kakanninmu

 Yau tarihin wani inji muka ɗauko. Kafin 2014 kusan ba wanda ya san shi a nan, yanzu kuwa ko yaro ya ji labarinsa: injin nan mai doguwar sanda da faifai a ƙasa, wanda ake shara bisa rairayi, in ya ji ƙarfe ya yi kuka a kunnen mai riƙe da shi.

Ba don zinariya aka fara ƙera shi ba. A 1881 an harbi shugaban Amurka James Garfield, likitoci suka kasa gane inda harsashin ya maƙale. Alexander Graham Bell, mai wayar tarho, ya haɗa wata na'ura don lalubo shi, amma bai dace ba, shugaban ya rasu. A 1941, ana cikin yaƙin duniya na biyu, wani sojan Poland mai suna Józef Kosacki ya ƙera irin wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka don gano nakiyoyin da aka binne, aka yi aiki da shi a hamadar Masar a 1942. Bayan yaƙi ne ya faɗo hannun farar hula.

Aikinsa ba sihiri ba ne. Faifan yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, in akwai ƙarfe sai ya mayar da amsa, injin ya juya amsar ta zama ƙara. Bai san ko zinariya ta jiya ce ko munduwar shekara ɗari biyar ba. Tukunya, ƙashi ko gawayi kuwa galibi ba ya jin su. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A Ingila abin ya zama sha'awa, kamar yadda namu ke fita farauta da rani. Ma'aikata da 'yan ritaya sun kafa ƙungiyoyi gari-gari, suna da ranar taro da kuɗin shiga, ranar hutu su fita gonaki bayan girbi. Ba a shiga gona sai da izinin mai ita, kuma kowa ya haƙa rami sai ya cike shi. Da farko su da masu binciken tarihi ba sa ga maciji. Sai aka yi doka a 1996: wanda ya tsinci tsohuwar zinariya ko azurfa, ya sanar da hukuma cikin kwana 14. A 1997 aka buɗe tsarin rubuta duk abin da aka tsinta da inda aka same shi, yau abin da aka rubuta ya haura miliyan ɗaya. A watan Yulin 2009 wani ɗan irin wannan ƙungiya ya gano zinariya mai yawa a wata gona a Staffordshire, kayan yaƙi na ƙarni na 7. Aka yi musu kuɗi fam miliyan 3 da ɗoriya, shi da mai gona suka raba, kayan kuma suna gidan tarihi kowa na gani.

Mu kuwa ta gabas ya zo mana, kuma yunwa ce ta kawo shi, ba sha'awa ba. Wajen 2009 zuwa 2010 hamadar Sudan ta cika da masu neman zinariya riƙe da injunan Minelab na ƙasar Ostireliya, musamman samfurin GPX. Daga nan zazzaɓin ya haye Cadi a 2013, a watan Afrilun 2014 ya iso Jado, can arewa maso gabashin jihar Agadas. Watanni kaɗan bayan haka aka ji labarin Cibarakaten, kusa da iyakar Aljeriya. A 2016 ya kai har Muritaniya.

Ku tuna halin da muke ciki a lokacin. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara, da yawansu daga wannan yanki namu na Kance. Gonaki sun yi mana kaɗan, hatsi ba ya kai mu damina. Wata shida bayan wannan makoki sai ga labarin cewa ana tsintar zinariya a saman ƙasa. Wa zai zauna? Samari suka sayar da awaki da babura, wasu suka jinginar da gona, aka nufi Agadas.

A Jado ba a aiki mutum ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya ake haɗawa: mai mota kat-kat, mai inji, da masu haƙa. Mai inji ya wuce gaba yana shara, inda ya ji kuka ya yi alama, masu diga da shebur su bi. In an sayar, a cire kuɗin mai, ruwa da abinci, galibi a kasa saura uku: na mota, na inji, na ma'aikata. Waɗanda suka fi iya sauraren injin da farko 'yan Sudan da Cadi ne, Tubawa su ne masu sanin hanya, namu na kudu kuwa yawanci su ne masu haƙa, masu dafa abinci da masu ƙananan tireda. Kaso ɗayan nan na ma'aikata, shi ne ake sake rabawa tsakanin mutane da yawa. Wasu sun dawo sun gina gida, sun yi aure. Wasu sun dawo da bashi, wasu har yau ba labari. A watan Fabrairun 2017 gwamnati ta rufe Jado saboda matsalar tsaro, jama'a suka watsu zuwa Cibarakaten, duwatsun Ayar da ƙasashen maƙwabta.

Zazzaɓin bai tsaya a arewa ba. A 2021 ya sauko Ɗan Isa a jihar Maraɗi, kuma a watan Nuwamban shekarar rami ya rufta a Garin Liman, mutum 18 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wannan ya nuna mana cewa haƙar ba ta da nisa da ƙofar gidanmu.

To ga inda hankalinmu ya kamata ya tsaya. Ƙasarmu ta kudu ba zinariya kaɗai ke cikinta ba, akwai kufai. A nan jihar Damagaram akwai Kufan Kanawa, tsohon gari mai ganuwa ta kusan kilomita 6, wanda ruwayar baka ke cewa daga nan wasu mutanen Kano suka tashi. Masu bincike sun yi tono a can, daga ɓaraguzan tukwane da gawayi suka gane an zauna wurin ƙarnuka da dama baya. Kowane ƙauye namu yana da nasa kufai, da tsohuwar maƙera, da maƙabartar da ba wanda ya tuna masu ita. Da gawayi da jerin ƙasar da abu ke kwance ciki ake gane shekarunsa, su ne kuma injin ba ya ji. Mai haƙa zai fasa su ya watsar don ya kai ga munduwa ɗaya.

Mun taɓa ganin irin wannan asara a Nijar. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera, a 1983 Boubé Gado ya yi tono na ilimi, aka fito da mutum-mutumin yumɓu na tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Da aka nuna su a Faransa a shekarun 1990, dillalai suka farga. Ba a ma buƙaci inji ba, diga ta isa: ƙauyawa suka haƙe wuraren, suka sayar a banza, kayan suka ƙare a gidajen attajiran Turai. A 2000 aka sa kayan Bura cikin jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari.

Ba mu rasa ƙa'ida ba. Malamanmu na fiƙihu suna da hukuncin dukiyar mutanen da da aka binne, rikazi, wadda ake fitar wa humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar. Dokar ƙasa ta ce ma'adinan ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, kuma tun 1997 akwai dokar kare kayan tarihi. Muna da gayya, mun yi samariya, yau muna da fada a kowace unguwa. Wanda ya iya raba zinariya kashi uku a tsakiyar hamada ba tare da alƙali ba, zai iya riƙe ƙa'ida a gida.

Saboda haka ga roƙonmu ga duk fadar da inji ya shigo hannunta. Kada a shiga gonar mutum sai da izininsa, a kuma yanke rabo gaban shaidu tun kafin a sa diga. A nisanci maƙabarta da kufai. A cike kowane rami, don yara da dabbobi. In aka ci karo da tsohon abu, a ɗauki hotonsa da waya yana inda yake, a sanar da mai gari, shi kuma ya kai maganar ga hukumar kula da al'adu a Damagaram. Ku kuma dattawa, ku zaunar da jikoki ku faɗa musu sunayen kufan da ke kewaye da garinku da waɗanda suka zauna a ciki, a rubuta tun kuna raye. Allah ya dawo mana da na daji lafiya, ya sa albarka a nema.