Dalilin da Ya Sa Tsohuwar Taraktar Ferguson Ke Tari

Tsakanin 1946 da 1956, masana'antar Standard da ke birnin Coventry a Ingila ta ƙera taraktar Ferguson TE20 fiye da rabin miliyan. Ƙaramar tarakta ce ruwan toka, wadda ta raba manoma da yawa da dawakin huɗa, kuma har yau dubbai daga cikinta na aiki a hannun ƙananan manoma da masu adana tsofaffin injuna. Kukan da ake yi da ita kusan iri ɗaya ne: ta ƙi tashi da safe, ko ta tashi tana tari tana karkarwa, ko ta yi aikin rabin sa'a ta mutu a tsakiyar gona. Mai gaggawa yakan shiga sayen kayan gyara, yana canza su ɗaya bayan ɗaya har aljihu ya gaji. Wanda ya san tarihin injin kuwa yakan fara da tambayar irin man da aka ƙera shi ya sha.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, fetur ya yi wa manomin Birtaniya nauyi: akwai haraji a kansa, kuma da kati ake rabonsa har zuwa watan Mayun 1950. Saboda haka manoma suka rungumi wani nau'in kananzir mai araha da aka tace domin taraktoci, wanda ake kira TVO. A 1949 kamfanin Ferguson ya fitar da samfurin TED20 mai amfani da shi. Sai dai kananzir ba ya zama tururi a injin da bai yi zafi ba, abin da bai zama tururi ba kuwa tartsatsi ba ya kunna shi da kyau. Don haka aka raba tankin gida biyu. Da fetur na ƙaramin ɓangaren ake tayar da inji, sai ya ɗauki zafi a juya famfo zuwa kananzir. An kuma rufe bututun shigar mai da murfin ƙarfe, domin zafin hayaƙi ya riƙa gasa man kafin ya isa silinda.

Daga wannan dabara rabin ciwon injin ya samo asali. Idan direba ya juya famfo da wuri, ko ya bar injin yana aiki a hankali har ya huce, ɗanyen kananzir yakan jiƙa filogi, injin ya fara tsallake bugu yana fitar da farin hayaƙi. Wanda bai ƙone ba yakan zurara ta gefen fistan ya tsinka baƙin mai. Idan kuma aka kashe injin kananzir na cikin kafireta, gobe da safe ba zai tashi ba sai an buɗe ɗan famfon da ke ƙasanta an zubar.

Ɗaya rabin ciwon na wuta ne. Tsarin da ke kunna TE20 jikan wanda Charles Kettering ya sanya wa motar Cadillac a 1912 ne, kuma duk bakanike da ya taɓa gyaran tsohuwar Fijo ya san shi. Batir na ba kwayil wuta, kwantak na buɗewa ya yanke ta, wannan yankewar ta haifar da dubban bolt a kwayil, sai distributa ta raba su ga filogi huɗu bisa jerin 1-3-4-2. Kowane ɓangare da irin alamarsa. Kwantak da ya ci, ko gibinsa ya kauce daga kimanin inci 0.015, yakan raunana tartsatsi ya kuma ɓata lokacinsa. Kandansa da ta lalace takan ƙona kwantak. Kwayil da ya tsufa yakan yi aiki da sanyi, ya yanke da zafi, ya dawo bayan ya huce, wanda shi ne sau da yawa asirin mutuwar tsakiyar gona. Murfin distributa mai tsaga yakan sha raɓa, wuta ta bi hanyar da ba tata ba. Samfuran farko batir mai bolt 6 gare su kafin a koma 12, a irin wannan ƙarancin kuwa tsatsa kaɗan a bakin waya ta isa ta hana tashi.

Shi ya sa tsofaffin makanikai ke cewa yawancin laifin da ake ɗora wa kafireta na wuta ne, suke kuma bin matakai a jere. Da farko a kwance filogi a duba launinsa: baƙi mai toka alamar mai ya yi yawa, jiƙaƙƙe alamar wuta ba ta zuwa ko injin bai yi zafi ba. Sannan a gwada tartsatsi, wanda ya kamata ya zama shuɗi mai ƙarfi. Bayan haka a duba gudun mai, domin taraktar ba ta da famfon tura shi, gangarowa yake yi daga tanki. Tsatsa a kofin gilashin da ke tace shi, ko toshewar hujin iska a murfin tanki, na iya shaƙe injin. Sai duk waɗannan sun fita lafiya ake zargin bawul da zoben fistan.

Zamani ya ƙara nasa nauyin. Tun 1951 Ferguson ya fitar da TEF20 mai shan dizal, wanda ba ya buƙatar filogi ko kafireta, kuma a kan wannan hanya taraktoci suka tafi. A 1974 aka daina sayar da TVO a Birtaniya, masu tsofaffin injuna suka koma haɗa kananzir da fetur da kansu, kowa da ma'auninsa. A 2021 kuma fetur mai kashi 10 cikin ɗari na etanol ya zama na yau da kullum a can. Etanol na jawo ruwa yana kuma cin tsohuwar roba, taraktar da ke kwana watanni a rumfa kuwa ita ta fi jin jiki.

Duk da haka, injin bai cancanci sunan rago ba. Ranar 4 ga Janairun 1958, ayarin Edmund Hillary ya isa tsakiyar ƙurewar kudancin duniya a kan TE20 guda uku masu shan fetur, da irin wannan kwayil da kwantak, bayan tafiyar kusan watanni uku cikin ƙanƙara.