Ƙarami da Babba a Gasar Kofi: Tarihin Wata Al'ada a Wasannin Koci na Kwamfuta

Wasan koci na kwamfuta yana ɗora mai wasa ne a kujerar mai horarwa. Shi ke zaɓen 'yan wasa, ya tsara dabara, ya sayi wannan ya sallami wancan, sannan kwamfuta ta buga wasan ta fitar da sakamako. A cikin kakar wasa duka, ba ranar da masu wannan wasa suka ɗora wa al'adu da ƙa'idoji kamar ranar da ƙuri'ar gasar kofi ta haɗa ƙaramar ƙungiyarsu da wadda ta fi ta kuɗi da suna da gwanaye. Al'adar ta girmi kwamfutar da ake yin ta a kai, domin daga filayen ƙwallon Ingila aka gado ta.

Tushenta shi ne gasar kofin FA, wadda aka fara a kakar 1871/72, Wanderers ta ɗauki kofin farko bayan ta doke Royal Engineers da ci 1-0. Gasar sili-ɗaya-ƙwale ce, ƙuri'arta kuma ba ta ware manya gefe guda. Ƙungiyar ƙauye da ta tsallake zagayen share fage tana iya karo da zakara a zagaye na uku a watan Janairu, lokacin da manya ke shigowa. A gasar lig, tsawon kaka yana tona asirin mai rauni. A kofi kuwa, minti 90 sun isa.

Tarihin gasar cike yake da irin wannan ba-zata. A 1949 Yeovil Town ta fitar da Sunderland da ci 2-1 a filinta na Huish mai gangare. A 1972 Hereford United ta doke Newcastle 2-1 a cikin taɓo, bayan Ronnie Radford ya farke da wata ƙwallo daga nesa. A wasan ƙarshe na 1988 Wimbledon ta ci Liverpool 1-0: Lawrie Sanchez ya ci da ka daga bugun tazara, mai tsaron raga Dave Beasant ya tare fenaretin John Aldridge. A 1989 Sutton United ta kori Coventry City, wadda ta ɗauki kofin a 1987, kuma duka ƙwallayen Sutton biyu daga bugun kwana suka fito. Darasin da aka tsinta daga waɗannan wasanni shi ne wanda masu wasan kwamfuta suke bi har yau: filin gida, baya mai ƙarfi, ƙwallon da aka ajiye aka buga, da mai tsaron raga da ya tashi da sa'a.

A 1982 Kevin Toms ya fitar da Football Manager a ƙarƙashin kamfaninsa Addictive Games, wasan ya yi suna a kan kwamfutar ZX Spectrum. Ko wace ƙungiya mutum ya zaɓa, daga rukuni na huɗu zai fara, kuma kofin FA na cikin wasan. Ke nan tun ranar farko mai wasa ƙarami ne da ke hangen manya. Dabara a lokacin lissafi ce zalla. Kowane ɗan wasa yana da makin gwaninta daga 1 zuwa 5 da makin kuzari, kafin wasa kuma a jera ƙarfin baya da tsakiya da gaba da ƙwarin gwiwar ƙungiyoyin biyu. Abin da ya rage wa koci shi ne ya hutar da gwanayensa a lig domin su iso ranar kofi da ƙarfinsu.

'Yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, sun buɗe sabon babi da Championship Manager a 1992, wanda Domark ya wallafa. Daga fitowar 1993 aka sa sunayen 'yan wasa na gaskiya, sai haɗuwa da Manchester United ko Liverpool ta zama haɗuwa da mutanen da mai wasa ya sani. Ba a ganin fili a lokacin, rubutu ne kawai ke walƙiya yana ba da labarin wasa. Da aka faɗaɗa allon dabara har koci ya iya nuna inda kowa zai tsaya idan ƙwallo na hannunsu da idan ta kuɓuce, sai wata hanya ta ɓullo, ta neman gurbin da kwamfuta ba ta iya toshewa. Mafi shahara ita ce dabarar Diablo ta Championship Manager 03/04, inda ɗan tsakiya ke kutsawa gaba ba mai bin sa, ya yi ta zura ƙwallaye. Da irin wannan, ƙungiyar rukuni na ƙasa kan lallasa zakara ba tare da gumi ba, nasarar kuma ta rasa ɗanɗano.

Wannan ya haifar da ƙa'idojin da masu wasa suka gindaya wa kansu. Masu son horar da ƙananan ƙungiyoyi suka haramta wa kansu aron dabarar wani da sayen ɗan wasan da masu farauto wa ƙungiyar 'yan wasa ba su gano ba. Babbar ƙa'ida ta shafi adana wasa. Mutum na iya adanawa kafin a take ƙwallo, in an ci shi ya koma baya ya sake, har sai ya yi nasara. Da yawa sun ɗauki wannan a matsayin maguɗi, musamman a kofi, domin darajar kayar da babba tana cikin cewa dama ɗaya ce.

Bayan Sports Interactive, kamfanin 'yan'uwan Collyer, ya rabu da mawallafinsa Eidos a 2003, ya haɗa gwiwa da Sega ya fitar da Football Manager 2005 a ƙarshen 2004. Ganin fili daga sama ya riga ya zo da Championship Manager 4, hoto mai siffar talabijin ya biyo baya a Football Manager 2009. Koci ya fara ganin ta inda ake huda shi. An ƙara jawabin ɗakin sauya kaya, da umarni a kan kowane ɗan wasan abokan karawa: a matsa wa wannan, a tilasta wa wancan bugawa da ƙafarsa mai rauni. A Football Manager 2014 aka cire ma'aunan da ake ja hagu da dama, aka bar matsayi da umarni irin na kocin gaske. Football Manager 2019 ya zo da shiryayyun salo, ciki har da girke bas a bakin raga, kalmar da José Mourinho ya yaɗa a Ingila a 2004 bayan Tottenham ta riƙe Chelsea canjaras.

Daga nan masu wasa suka kasu gida biyu. Kashi na farko na ja da baya, su cunkushe tsakiya, su rage faɗin fili idan a gida ne, su bar ɗan gaba mai gudu shi kaɗai yana jiran doguwar ƙwallo, su kwashe makon suna atisayen bugun kwana. Kashi na biyu na ganin zaman baya na minti 90 gayyatar ci ne, domin gwanin da aka bar wa ƙwallo a bakin da'ira zai samu hanya ko ba jima. Su sun fi son a riƙe salon da 'yan wasa suka saba, a matsa a farkon wasa. Inda suka haɗu shi ne a jawabi: a sauke wa yara nauyi, a nuna musu ba abin da za su rasa. Duka suna duba jerin abokan karawa, domin manyan ƙungiyoyin kwamfuta kan hutar da gwanayensu a zagayen farko, kuma ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Kuɗi ma na cikin lissafin. A kofin FA ƙungiyoyin biyu ne ke raba kuɗin ƙofa, shi ya sa canjaras ɗin 0-0 da Exeter City ta yi a Old Trafford, filin Manchester United, a 2005, da wasan maimaici da ya biyo baya, suka taimaka mata wajen sauke bashi. Masu wasan kwamfuta sun daɗe suna bin wannan hanya: a riƙe babba kunnen doki a gida, a je katafaren filinsa a kwaso kuɗin da zai gyara ƙungiya. Daga kakar 2024/25 an soke maimaici tun daga zagayen farko, don haka a duk wasan da ya bi dokokin yanzu, canjaras na kaiwa ne ga ƙarin lokaci da bugun fenareti. Kocin ƙaramar ƙungiya yanzu yana shiri ne na minti 120, yana ajiye canji saboda gajiya, yana kuma tsara masu bugun fenaretinsa tun kafin a shiga fili.